Kiran Hammadu Daga Jejin Tanut

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. In na zauna wurin mai shayin bakin tashar Rano, sai wani ya jawo benci ya ce, "Malam Nasiru, ya mutanen Faransa?" a kwashe da dariya. Wasu labarin abinci suke so, wasu na iyaka. Wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin ɗin abin da ya kai ni, so suke su ji daga bakina. Na gaji da ba da shi guntu-guntu ina tsallake inda ya fi min nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Rano, amma kwamfuta na karanta. Shekara biyu da suka wuce wani ƙaramin kamfani a Kano ya ba ni aikin gefe. Sun ƙera wata 'yar na'ura da ake rataya wa saniya a wuya, ba ta fi gidan ashana biyu girma ba, an ɗinke ta cikin fata, da ɗan gilashin sola a bayanta. Fulanin da muka fara gwaji da su a wajen Kibiya suka raɗa mata suna laya. Sunan ya bi ta, har injiniyoyin Kano ma laya suke cewa.

Aikinta shi ne ta faɗi inda saniya take. Sai dai batirinta ƙarami ne, saƙonta ba ya wuce nisan da mutum zai ƙwala kira a ji shi. Saboda haka kowace laya takan miƙa saƙonta ga layar saniyar da ke kusa, ita ma ta miƙa gaba, har ya isa ga wata babbar na'ura guda ɗaya mai sim a ciki, wadda ake rataya wa bijimin garke. Ita muke kira uwa. Duk sanda uwa ta samu sabis sai ta tura komai zuwa wayar mai shanu. Makiyayi ma yana ɗaura tasa layar a damtse, tana da jan maɓalli. In ya shiga matsala ya danna, kiran ya bi ta wuyan shanu ya isa ga uwa, ta sa kuka kamar jiniya, wani ɗan haske ya nuna wa abokin kiwonsa nahiyar da kiran ya fito.

Rabona a aikin shi ne tsara wace laya za ta miƙa wa wace. Da turaku ne aka kafe da abin ya zo da sauƙi, amma shanu ba sa tsayawa. Wadda ke gefenka yanzu, an jima ta gangara kwari. Neman sabuwar maƙwabciya kuwa yana cin batir, don sai laya ta farka, ta yi ta tambaya tana kasa kunne. A daminar farko aka yi kwana uku rana ba ta fito ba, layu suka mutu rututu. Makiyaya suka yi ƙorafi, mutanen Kano suka matsa min. Sai na sauya ƙa'ida: kowace laya ta riƙe wadda ta zaɓa, kada ta nemi wata sai sau biyu a yini, da asuba da magariba. Batir ya zauna lafiya. Aka yaba min, ni ma na ji daɗin kaina.

Wanda ya fara yarda da mu shi ne Ardo Bello, da ke wata ruga gabas da Kibiya. Ɗansa Hammadu, magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, shi ya koyi kula da layun. Mutum ne mai tambaya da tsokana. Yakan ce min, "Malam, ka sa shanunmu gulma, kowace tana kai ƙarar 'yar'uwarta." Da damina ta sauka, gonaki suka rufe burtali, sai shi da ƙanin mahaifinsa, Baffa Sale, suka kora garken zuwa arewa kamar yadda suka saba duk shekara. Bayan 'yan kwanaki saƙo yakan shigo wayar Ardo, ya kawo min ranar kasuwar Kibiya in nuna masa inda suke a taswira. Suka tsallaka iyaka, suka wuce Damagaram, suka kai gabashin Tanut. Daga nan ɗif.

Ranar da shirun ya cika kwana goma sha shida, Ardo ya sa aka ɗauko shi a babur har ƙofar gidana. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, bai ko taɓa ruwan da aka kawo ba.

"Malam Nasiru, layarka ta yi shiru."

"Ƙila sabis ne, Baba Ardo. Can wurin jeji ne."

"Haka ka ce min wancan makon." Ya ɗaga rigarsa ya nuna min gwiwarsa da ta kumbura. "Da ƙafar nan za ta kai ni, da ba ka gan ni ba. Wayar Hammadu ba ta shiga. Kai ka san inda abin ya daina magana. Ka je ka gano min."

Makaranta tana dogon hutu, ba ni da hanzari. Washegari na zuba kwamfuta, da layu uku sababbi, da faifan sola mai naɗewa a jaka, na hau motar Kano ta Bunkure. Kwandastan ya karɓi jakar ya cusa ta ƙarƙashin buhunan tattasai, sai da muka yi cacar baki kafin ya bar ni na rungume ta a cinya. Haka na riƙe ta har Kano, haka kuma a motar Daura.

A motar Daura na zauna kusa da wata dattijuwa, Hajiya Rabi, mai kai atamfa Damagaram. Tun kafin mu kai Kazaure ta gama sanin sunana, da garinmu, da yawan 'ya'yana. Da na gaya mata ban taɓa tsallaka iyaka ba, ta dube ni sama da ƙasa.

"To ka saurare ni, ɗana. In mun isa, ka cire gilashin idon nan na 'yan boko, ka gaishe da kowa, kada ka ce komai sai an tambaye ka. Me ke cikin jakar da ka ƙanƙame kamar jariri?"

Na buɗe mata. Ta ga wayoyi da batura da layu, ta ce, "Innalillahi. Yau za mu daɗe."

Ba ta yi ƙarya ba. A Kongolam, ɓangarenmu, ba a tsananta ba. Amma da muka tsallaka, wani jami'i dogo mai furfura a gemu ya zazzage jakar a kan tebur, ya kira abokan aikinsa biyu. Ban ga laifinsu ba. A wannan zamani, baƙo ya zo da ƙananan akwatuna masu batir da maɓalli, ai dole a tambaya. Hausarsa tas, sai dai yana sirka ta da Faransanci. Ya ce in ba zan iya nuna masa amfanin abin ba, to daga ni har kayan a nan za mu zauna.

Na roƙe shi ya ba ni filin gaban ofis. Na ajiye laya ɗaya a gindin bishiyar maina, ɗaya a kan wani bencin masu jira, ta uku a hannunsa, na haɗa kwamfuta ta zama uwa. Na ce ya danna jan maɓallin. Ya danna, kwamfutar ta yi ƙara, fasinjoji suka yi ta mamaki. Na nuna masa yadda kiran ya tashi daga hannunsa ya bi ta benci da bishiya kafin ya iso. Ya daɗe yana juya layar.

"To in wannan ta bencin saniya ce, ta tafi shan ruwa fa?"

"Sai ta hannunka ta nemi wata, ranka ya daɗe."

"Nan take?"

"Takan ɗan jima," na ce.

Ya gyaɗa kai ya mayar min da kayana. Na san ɗan jimawar nan tana iya kai wuni guda, amma rana ta yi, direbanmu yana ta huci, ban ƙara komai ba. Hajiya Rabi ta ce da ta san wasan kwaikwayo zan yi da ta tara min kuɗin kallo.

Mun shiga Damagaram da la'asar sakaliya. Hajiya ta hana ni neman masauki, ta kai ni gidan ƙaninta, wani mai sayar da kayan babur, aka ba ni ɗakin zaure. Mutanen gidan sun karrama ni fiye da yadda na cancanta. Aka kawo dambun zogale da ƙuli-ƙuli, ya sha albasa da barkono, da wani burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri a waje, da na gutsura sai da dasashina ya yi jini. Shayinsu kuma ba irin namu na kofi da madara ba ne. A ɗan mitsitsin gilashi ake zubawa, zagaye uku, kuma tashi kafin na ukun rashin kunya ne. Na farkon ɗaci ne zalla. Mu a Rano mai shayi so yake ka shanye ka ba wani wuri. Su kuwa sai a yi awa guda ana fifita gawayi ana ɗaga buta sama, ba mai duba agogo sai ni.

Da safe na je zan yi cajin kwamfuta, sai na ga soket ɗinsu rami biyu ne zagayayyu, nawa filogin mai ƙafa uku ne. Neman abin haɗawa da yankar sabon sim suka cinye min rabin yini, don da rana ta take shaguna da yawa rufewa suke, kowa ya tafi ya kwanta. Da na tambayi wani hanyar asibiti don in sayi maganin ciwon kai, bai gane ba sai da na ce wurin likita. Da sim ɗin ya fara aiki na kira Ardo, na ce ya adana wannan lambar. Ya ce, "Ka ji wani abu?" Na ce tukuna.

Daga Damagaram zuwa Tanut a bayan wata tsohuwar akori-kura muka tafi, mu da buhunan gero da awaki biyu. Bayan Bakin Birji muka tarar ruwan da aka yi ya cika wata ƙorama ya hau titi. Muka zauna a bakin ruwa tun hantsi har azahar muna jira ya janye. Ba wanda ya yi tsaki. Wani tsoho ya ɗauko goruba ya rarraba mana. Gonaki suna ta sirancewa, gero gajere a warwatse cikin yashi, har aka daina ganinsu, sai ciyawa sabuwa da ƙaya.

A Tanut aka haɗa ni da wani Buzu mai babur, Agali, wanda aka ce babu rijiyar da bai sani ba. Kwana biyu muka yi tare ban ga bakinsa ba. Ko ruwa zai sha sai ya juya baya ya cusa kofin ƙarƙashin rawani. Na ce masa mu a wajenmu mata ne ke rufe fuska. Ya ce ya ji labari, kuma ya tausaya wa mazanmu da ke yawo baki buɗe gaban surukansu. Wannan ce kawai dariyar da na yi a arewacin Damagaram.

Na nuna masa wurin ƙarshe a taswira. Bai dubi taswirar sosai ba, ya tambayi ko akwai tafki a kusa, na ce akwai, ya ce ya gane. Mun yi tafiyar awa huɗu cikin yashi, sau biyu muna faɗuwa, salansa ya ƙona min ƙwauri. Da muka isa babu kowa. Sai busasshen kashin shanu, da tokar murhu da ruwa ya daddake, da turken maraƙi guda ɗaya da aka manta.

Can gaba kaɗan akwai rijiya, wasu mata suna jan ruwa da jaki. Agali ya yi musu magana da yarensu, ɗaya ta amsa da Hausa tana dubana.

"Fulanin Kano? Masu shanu da layu a wuya? Waɗanda suka yi rashi?"

Na ce, "Rashin me? Saniya?"

Ta saki igiyar. "Ba ka sani ba? Ai ƙaramin ne. Maciji."

Ita ta raka mu har wurin. Tudun yashi ne ƙarami a gindin wata aduwa, an lulluɓe shi da rassan ƙaya saboda dila. Ciyawa har ta fara tsirowa a gefe. Na durƙusa zan yi addu'a, bakina ya kasa haɗa fatiha, sai Agali ne ya ja na bi shi.

Baffa Sale mun same shi washegari da hantsi, arewa da nan, ya raɓu da wasu makiyaya 'yan ƙasar suna taimaka masa da garken. Na san shi kakkaura, na tarar da shi kamar an zare masa nama. Da ya gan ni bai tashi ba. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya, ya amsa yana kallon ƙasa. Na tambaye shi me ya sa bai aika gida ba. Ya ce ya aika. Ya ba wani dillalin shanu da zai je kasuwar Maigatari sallahu, ya ɗauka tuni ya isa. Waya kuwa Hammadu ne mai ita, ga ta nan a jaka, a kulle da zanen yatsa da shi bai sani ba.

Sai ya ba ni labari, a hankali, ba hawa ba sauka. Ranar da hantsi shanu uku suka ɓalle suka bi wani kwari, Hammadu ya bi su. Da la'asar shanun suka dawo su kaɗai. Baffa ya bi sawu har duhu ya hana shi, ruwa kuma ya sauko ya shafe sawun. Sai washegari wajen azahar ya same shi ƙarƙashin wani kurmin ƙaya, kububuwa ta sare shi a idon sawu, ƙafar ta kumbura har cinya, jini na fita ta hanci da dasashi. Yana da sauran magana.

"Ce min ya yi, 'Baffa, na danna. Ba ta yi kuka ba?' Na ce ba ta yi ba. Ya ce, 'To ƙila ban danna daidai ba.'" Sai ya ci gaba, "An samo raƙumi za a kai shi Tanut. Ba mu kai rijiya ba."

Bayan an binne shi, Baffa ya yanke uwa daga wuyan bijimi ya jefa a buhu, tare da layar da ya kwance daga damtsen Hammadu. Ba rana, batir ya mutu. Shirun da muka ji a Kibiya ke nan.

Na roƙe shi ya ba ni su. Na shimfiɗa sola a kan yashi, na fara jona layar Hammadu da kwamfuta, na zauna a inuwar babur ina karanta abin da ta rubuta. Laya ba ta mantuwa, komai da lokacinsa. Da asubar ranar ta zaɓi wata saniya, Baffa ya ce sunanta Wule, ta riƙe ta a matsayin wadda za ta miƙa wa saƙo. Wule ba ta cikin ukun da suka ɓalle, tana can cikin garke. Da Hammadu ya danna, layar ta kira Wule. Ba amsa. Ta sake kiran Wule. Haka ta yi ta yi.

Sannan na jona uwa na duba nata. Shanun nan uku sun tsaya a wuri ɗaya da shi tun hantsi har la'asar, taku kaɗan tsakaninsu. Kuma duk tsawon lokacin layar ɗaya daga cikinsu tana isar da saƙonta ga uwa lafiya lau, ta wuyan wasu shanu da ke kiwo a bakin kwarin. Hanya tana nan a buɗe, wuni guda. Layar Hammadu ba ta tambaye su ba, don lokacin tambaya bai yi ba. Da magariba ta yi ta farka neman sabuwar maƙwabciya, sun riga sun tafi. Ni na rubuta wannan ƙa'idar. Na tsara ta don saƙon "ga ni nan" na yau da kullum, ban ware jan maɓalli daga cikinta ba. Ban ma tuna da shi ba a ranar.

Ina zaune ina kallon allon, sai uwa ta fasa kuka.

Na manta duka biyun sun samu wuta, ga su gefe da gefe a kan buhu. Layar ta farfaɗo, ta nemi na kusa, ta samu uwa, ta miƙa mata kiran da ta riƙe kusan mako uku. Ƙarar ta cika wurin. Shanu suka ɗaga kai. Baffa ya zabura ya miƙe tsaye da sandarsa, ya juya yana duban jeji, kafin ya gane. Na rarumi uwa ina lalubar inda ake kashe ta. Da ƙyar na sa ta yi shiru.

Ya koma ya zauna. Ya ce, "Haka kukan yake ashe."

Ina iya yin shiru a nan, ba wanda zai taɓa sani. Amma na gaya masa duka, da Hausar da zai gane, ban ce kamfani ba, ban ce na'ura ba, na ce ni. Ya saurara har na gama.

"Wato shanun sun tsaya a kansa, abinka bai tambaye su ba."

"Haka ne, Baffa."

"Saboda kada batir ya ƙare."

"Haka ne."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce kwanan Hammadu ne ya ƙare, ya tashi ya shiga cikin shanu, ya daɗe bai fito ba.

Saura in sanar da Ardo. Agali ya ce akwai wani tudu da ake samun sabis, tafiyar rabin awa. Na zuba komai a jaka muka hau babur. A kan tudun na ga sanda biyu ta sabis ta fito a wayata. Na zauna a yashi ina juya yadda zan fara. In ce a ba wani babba wayar? In ce ba shi da lafiya tukuna, in na dawo in faɗa? Na fi minti goma a haka. Sai wayar ta yi ƙara a hannuna. Ardo ne.

"Malam Nasiru! Alhamdu lillahi! Saƙo ya shigo yanzun nan, mai shago ya karanta min, ya ce Hammadu ne yake neman taimako. Yana raye! Kana kusa da shi? Ka yi sauri, don Allah, ka ga inda yake a abinka!"

Uwa tana cikin jakata, a kunne. Ta samu sabis tare da ni, ta yi aikinta. Ina jin hayaniyar mata a bayansa, wata tana ta hamdala da ƙarfi.

Na ce, "Baba Ardo."

"Na'am, ina jin ka!"

"Baba Ardo, sai haƙuri. Hammadu ya rasu. Yau kwana goma sha tara. Na ga kabarinsa."

Na duba ko layin ya yanke.

"To kiran fa?"

"Tsohon kira ne. Yau ya samu hanya."

Na ji ya ce innalillahi, muryarsa ta yi nisa kamar ya sauke wayar daga kunne. Sai hamdalar matan nan ta tsaya. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba.

Kafin in bar garken na gyara ƙa'idar a dukkan layun. Yanzu in an danna jan maɓalli, laya takan watsar da duk wani tattalin batir, ta yi ta kiran duk wanda ke kusa, wanda ya ji kuma dole ya miƙa gaba nan take. Rubuta gyaran bai kai tsawon shan shayi zagaye ɗaya ba. Bin shanu ɗaya bayan ɗaya ne ya ci yini. Da na gama na kawo wa Baffa uwa, ban san ko zai karɓa ba. Ya dube ta, ya dubi jejin.

"Rataya wa bijimin," ya ce. "Ni kaɗai na rage a nan." Ya miƙo min damtsensa na ɗaura masa sabuwar laya.

Dawowa ba abin da zan ce a kanta. Hanyar ce dai. A wani gari na tambayi wani malamin asibiti ko da an kawo mai saran kububuwa a ranar zai tashi. Ya ce da dama suna tashi in akwai allurar, wasu kuma ko an kawo su ba sa tashi, ba mai iya yanke min. Na so ya ce a'a. A iyaka jami'in nan mai furfura ba ya bakin aiki, na gode wa Allah da ban haɗu da shi ba. A Kano na tsaya na rubuta wa kamfani duk abin da ya faru, da sunana a inda ya kamata, na ce a gyara na sauran garkunan a ranar. Sun gyara.

Ban sauka a Rano ba, na wuce Kibiya kai tsaye, na hau babur zuwa rugar. Ardo yana zaune a ƙarƙashin ɗorawa da 'yan zaman makoki. Na ba shi wayar Hammadu da sandarsa da Baffa ya aiko da su. Da mutane suka ragu na faɗa masa abin da na faɗa wa ƙaninsa, ban rage ba. Ya ji, ya ja carbinsa, ya ce, "Ka je, ka gani, ka dawo ka faɗa. Abin da na aike ka ke nan." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ni ma ban roƙa ba, na ga ba ranar ba ce.

Na miƙe zan tafi sai wata tsohuwa ta zo ta ce Shatu, matar Hammadu, tana son magana da ni. Tana takaba, ba ta fito ba. Na tsuguna a bakin bukkar, tana daga ciki bayan asabari, ban ga ko ƙafarta ba. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya.

"Malam, ya taɓa gaya min abin nan yana ƙirga komai."

"Yana ƙirgawa."

"Sau nawa ya danna?"

Na yi niyyar in rage. Na ce a raina in ce sau uku, ko biyar, ta ɗauka bai daɗe cikin wahala ba. Amma na riga na gaji da amsa rabi-rabi.

"Sau arba'in da ɗaya."

"Na ƙarshen yaushe?"

"Washegari da hantsi. Daga nan batir ya ƙare."

Na ji motsin tabarma, da wata 'yar ƙaramar murya ta jinjiri da aka rarrasa. Har na fara tunanin in yi sallama.

"Ashe bai cire rai ba," ta ce. "Na gode, Malam. Ka sauka lafiya."